Ruwan da Nake Zuba wa Ƙarfe

Ni ne mai gadin famfon ƙauyenmu mai aiki da hasken rana, a kwarin Tarka. Da aka kafa shi, an liƙa wani akwati a bangon ɗakin batir. A ciki akwai ƴar kwamfuta, allo guda, bai kai tafin hannuna ba. Wata siririyar waya ce ke kawo mata labarin ruwan rijiya. In ya ja baya sai ta kashe injin, kada ya ƙone.

Damina da kaka ta yi aiki lafiya. Da bazara ta kama sai ta fara ƙarya. Rana na take, shanu sun jeru, sai ta kashe injin. Ruwa kuwa yana nan, na zura igiya da dutse na gani.

Akwai wani dattijo Bafillace da ke zuwa daga arewa. Fari ya cinye garkensa, saura ƴan ramammun shanu. Saboda nisa, da tsakar rana yake isowa, daidai lokacin da kwamfutar take yankewa. Ba ya yi mini faɗa. Sai ya tsuguna kusa da komin shayarwa yana kallona.

"Mai famfo, yau ma ta ce babu?"

"Ta ce babu, Baffa."

An daɗe kafin mai gyara ya zo daga Damagaram. Ya ce kwamfutar lafiyarta lau, hayaniyar wuta ce ta cika mata kunne, irin shuuu ɗin da rediyo ke yi in injin ya tashi. Awaki sun dami wayoyin da tauna, shi ya sa mazan gari suka tufka su wuri guda kamar igiyar guga, siririyar tare da ta injin. Ga salulolin gari rataye a batir ɗaya da kwamfutar. Ya warware tufkar, ya raba musu hanya, ya zura wa siririyar wani baƙin zobe, ya ba kwamfutar ƙaramin batir nata. Caji kuma ya ce a daina.

Sai ya nuna mini wani ƙarfe da aka kafa a ƙasa bayan ɗakin. Ya ce ta nan hayaniyar ke zurarewa, amma busasshen rairayi ba ya karɓarta. Muka tona, muka zuba gawayi da gishiri. Ya ce kowace safiya in juye masa ruwa.

Wuni guda aikin ya ci, famfo a kashe. Da la'asar saniyar dattijon, wata ja mai ciki, ta durƙusa kusa da komi. Muka ɗaga ta da sanduna, ta ƙi. Aka yanka.

Washegari injin ya yi ta aiki har rana ta karkata. Na cika bido, wato jarka, na juye wa ƙarfen a gaban matan da ke layi. Wata ta tambaye ni ko ya kusa tsiro. Masu salula kuwa sun daina gaishe ni.

Dattijon ya shayar da sauran shanunsa, ya tsaya yana kallon jiƙaƙƙiyar ƙasar.

"Da ka gaya mini ƙishi yake ji, da na kawo masa a gorana," in ji shi.

Ya kora shanunsa wajen garin Belbeji. Bai sake shayarwa a wurinmu ba.