Attahiru Mai Bes na Jega (1961–2021)

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Attahiru Barau, wanda jama'ar Jihar Kebbi suka fi sani da Attahiru Mai Bes, a garin Jega cikin daminar shekarar 1961. Mahaifinsa, Alhaji Barau, dillalin albasa ne a kasuwar Jega, mahaifiyarsa kuwa, Goggo Asabe, mutuniyar Alelu ce. Waɗanda suka san ƙuruciyarsa sun haɗu a kan cewa yaro ne mai ladabi da kunya, amma Allah ya yi shi da fargaba, ta yadda idan aka aike shi sayen kanwa sai ya dawo daga rabin hanya ya tambaya ko gishiri aka ce. Wannan hali bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Neman Ilimi

Ya fara karatun allo a zauren wani malami maƙwabcinsu, aka sa shi firamare a Jega a shekarar 1968, sannan a 1975 ya samu shiga kwalejin horon malamai a Sakkwato. A can ne ya faɗa ƙungiyar makaɗan makaranta, inda ɗalibai ke rububin ganga da ƙaramar jita, aka bar masa bes, wato babbar jita mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, domin babu mai son abin da 'yan kallo ba sa lura da shi. Malamin da ke kula da su, wani mutumin Gana, ya koya masa cewa duk da mai bes a baya yake tsayawa, shi ne ke jan kiɗa, mai ganga da mawaƙi a kan sawunsa suke takawa, kuma ranar da ya tsaya jiran ya ji kafin ya buga, to ya riga ya makara. Attahiru ya riƙe wannan darasi da hannu biyu, ya kammala karatu a 1980.

Koyarwa da Aure

An tura shi koyarwa wata firamare a Maiyama, inda ya shekara tara yana fama da alli da yara. A shekarar 1985 ya auri Malama Husna, 'yar wani tela a garin, mace mai sanyin magana da ƙarfin hali, wadda ta gane tun da wuri cewa mijinta ba ya cin tuwo da daɗi idan akwai abin da ke jiransa gobe. Allah ya ba su Hashim a 1987 da Fadila a 1990.

Shekarun Situdiyo

Tun yana malami yakan hau mota zuwa Sakkwato ranakun hutu, ya buga wa mawaƙa bes a ɗakunan ɗaukar sauti, har a 1989 ya ajiye aikin koyarwa, ya mayar da iyalinsa Jega, ya rungumi sana'ar gaba ɗaya. A ɗakunan ɗaukar sautin ne ya haɗu da Ɗalha, wani mai kaɗa fiyano ɗan Birnin Malam, wanda ya zama amininsa na tsawon rai. Tsarin aikin shi ne mawaƙi ya zo da waƙarsa, ya rera sau ɗaya ko biyu, makaɗa su ɗauka nan take, a naɗa a kaset, kowa ya kama gabansa. Attahiru ya buga wa masu waƙar Hausa da na Fulatanci, ya buga a tallan taki da na rigakafi, kuma an shaide shi da cewa hannunsa ba ya gaba ba ya baya. Sai dai a bayan kaset sunan mawaƙi kaɗai ake rubutawa, shi ya sa a yau babu mai iya rantsuwa cewa wannan bugu nasa ne, wancan na wani.

Haɗari da Jinya

A farkon shekarar 1997 ya yi haɗarin babur a kan hanyar Jega zuwa Maiyama, ya karye a wuyan hannun hagu, hannun da ke danna tsirkiya. Aka garzaya da shi wurin masu ɗori a Aliero, suka yi aikinsu yadda aka san su da shi, ƙashi ya haɗe sumul bayan 'yan watanni. Abin da bai jira shi ba shi ne sana'ar. Kafin ya warware, fiyano mai ƙwaƙwalwa ta mamaye situdiyo, mutum ɗaya ya zauna ya fitar da ganga da algaita da bes daga akwati guda, kuma Ɗalha kansa, ba da son ransa ba, ya zama yana buga da hannun hagu abin da ake kiran Attahiru dominsa.

Aikin Talabijin

A ƙarshen wannan shekara wani mai shirya shirye-shirye da ake kira Gambo ya gayyace shi wani gidan talabijin a Birnin Kebbi, inda ake ɗaukar filin kiɗa na mako-mako. Gambo ya bayyana masa cewa mawaƙa da kaset ɗinsu suke zuwa, amma mai kallo ba zai zauna ya zuba wa mutum ɗaya da akwati ido ba, don haka ana bukatar makaɗa su jeru a baya suna motsa hannu daidai da sautin da ake sakowa. Wannan shi ake kira mamin. Za a rataya masa jita, a jona mata waya, a cusa ɗaya bakin wayar ƙarƙashin darduma. Attahiru ya karɓa da niyyar wata shida, kafin hannunsa ya gama ƙwari, sai ga shi ya shekara goma sha biyar.

Wajibi ne tarihi ya yi masa adalci a nan. Sauran abokan aikinsa shafa kayan kawai suke yi suna yi wa kyamara murmushi, akwai ma mai ganga da ya shekara biyu yana dukan iska. Attahiru kuwa sai ya karɓi kaset ya kai gida, ya haddace kowane bugu, saboda tsoron kada wani masani a wani ƙauye ya dubi yatsunsa ya gane ƙarya. Babu wanda ya taɓa ganewa. Maimakon haka sai suna ya zo masa, irin wanda shekarun situdiyo ba su ba shi ba: mahauta a kasuwar Jega suna ƙara masa tsoka, direbobi suna ba shi gidan gaba, yara suna bin sa suna kaɗa cikinsu kamar masu buga jita. A cikin waɗannan shekaru aka haifi Munir a 1998 da auta Zinatu a 2002.

Wajejen 2003 ne ya fara gane abin da aikin ke yi masa. Wata rana ya ziyarci Ɗalha, suka jona jita don nishaɗi, sai ya ji bugunsa yana zuwa a bayan ganga da ɗan kaɗan, kamar mai bin liman da ya shigo sahu a makare. Mai mamin dole ya ji sauti kafin ya bi, kuma shekaru shida na bi sun koya wa hannunsa jira. Ɗalha ya ce gajiya ce, amma daga ranar Attahiru bai sake yarda a ji shi a fili ba. Idan aka gayyace shi biki sai ya ce tsohuwar karaya ta motsa. Amfilifayarsa, na'urar da ke ƙara wa jita murya, ya bayar da ita sadaka ga wata makarantar Islamiyya, jama'a suka yi ta yabon tsoron Allahnsa, shi kuwa ya san dalilinsa. A gida yakan zauna da jitar ba waya yana bin kaset, ba a jin komai daga gare shi sai ƙwas-ƙwas ɗin yatsu.

Babban abin da ke ci masa rai shi ne 'ya'yansa. Hashim da Fadila sun yi ƙanƙanta a zamanin situdiyo, Munir da Zinatu kuwa ba a ma haife su ba, don haka duk cikinsu babu wanda ya san sautin hannun ubansa. Zinatu ce mai naci, kullum tana roƙon ya buga mata na gaske, irin wanda ake ji a ƙirji, shi kuma yana ce mata sai an samu lokaci. Ya sha gaya wa Husna cewa ba ya son ya mutu yaran nan ba su ji shi ba, kuma ba ya son su ji shi yadda ya koma.

Barin Talabijin

An rufe shirin a shekarar 2012, bayan mawaƙa sun koma kawo bidiyonsu a shirye. Attahiru ya koma noman shinkafa a gonar da ya gada wajen Katanga, ya rataye jita a ɗaka, ya kuma samu 'yar natsuwa ta shekaru huɗu, domin babu mai tambayar manomi ya yi kiɗa.

Taron Aliero

A bazarar 2016 wata ƙungiyar manoman albasa ta Aliero ta shirya bikin kammala girbi, ta yanke shawarar karrama shi a matsayin ɗan dillalin albasa da ya fito da sunan yankin, da sharaɗin zai hau dandamali ya buga kai tsaye tare da Ɗalha da wani mawaƙi mai suna Sharif. Wannan karon uzurin karaya bai yi aiki ba, domin a garin aka ɗora hannun, kuma faɗin haka cin fuska ne ga masu gayyata. Zinatu ta riga ta shelanta wa ƙawayenta. Ya amsa, ya rame a cikin makonnin shiri, ya aro amfilifaya, ya rufe kansa a shagon wani abokinsa yana gwaji safe da yamma. Kuskurensa shi ne ya karɓi kaset ɗin waƙoƙin Sharif yana bugawa a kai, ya ji komai ya zauna daram, bai lura cewa bes ɗin da ke cikin kaset ɗin yake bi ba. Da Ɗalha ya nemi su haɗu su gwada tare, sai ya yi ta ɗagawa saboda kunya.

An buɗe taro bayan sallar La'asar a filin wata makaranta, Husna da 'ya'yanta huɗu suna sahun gaba. Waƙar farko da bes take tashi shi kaɗai. Sharif ya ɗaga hannu, mai ganga ya shirya, Attahiru ya ɗora yatsu a kan tsirkiya ya tsaya yana sauraro, yana jiran a sako. Shirun ya yi tsawo har jama'a suka fara waige-waige.

Ɗalha ya sunkuyo ya ce, "Attahiru, kai ad da tashi, kai muka jira."

Ya buga, amma a makare, kuma duk tsawon waƙar yana jan ƙafa a bayan ganga, mai ganga yana rage gudu don ya cim masa, shi kuma yana ƙara ragewa don ya ji abin da zai bi. 'Yan kallo ba su gane ba, sun ɗauka lasifika ce ke wasa, amma duk wanda ke kan dandamali ya gane. Da waƙar ta ƙare zufa ta jiƙe masa riga, ya matsa kusa da amininsa.

Ya ce, "Ɗalha, riƙa mini da hagu, don Allah. Ɗiyana na kallo."

Ya juya kamar mai gyara na'ura, ya zare wayarsa daga amfilifaya ya tura bakinta ƙarƙashin tabarma. Ɗalha ya ɗauki sautin bes a kan fiyano da hannun hagu, yatsun Attahiru suka saki, suka yi ta gudu a kan tsirkiya ba tuntuɓe har aka tashi. Filin ya ɗauki tafi, aka rataya masa lambar yabo, wasu dattawa suka ce tun da suke ba su ji bugu mai tsabta irin wannan ba. Zinatu ta rungume shi ta ce yau dai ta ji shi har cikin ƙirjinta, shi kuwa ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Washegari da safe ya gaya wa matarsa gaskiya, ya ce, "Husna, ba ni na ba." Ta ce ya bar yaran da abin da suka ji.

Ƙarshen Rayuwarsa da Rasuwarsa

Bai sake taɓa jita ba bayan wannan rana. Sau da dama ya ƙuduri aniyar ya koma gwaji da mai ganga na gaske, ba kaset, ya gyara hannunsa ya tara 'ya'yansa, har sun sa rana da Ɗalha fiye da sau ɗaya, amma kullum sai ya ce a bari bayan girbi. A shekarar 2019 hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu, maganar ta mutu. Ya yi jinya cikin haƙuri, yana yawan tilawa, har Allah ya karɓi ransa a gidansa da ke Jega a watan Sha'aban na shekarar 1442, daidai da 2021, yana gab da cika shekara sittin. An yi masa sallah bayan Azahar, aka binne shi a maƙabartar garin kusa da mahaifinsa, cikin taron da ya haɗa manoma, mahauta, direbobi da tsofaffin makaɗa. A makon ne gidan talabijin ya nuna bidiyon taron Aliero domin tunawa da shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ya rasu ya bar matarsa Malama Husna da 'ya'ya huɗu: Hashim, malamin gona a Maiyama, Fadila, ungozoma a Jega, Munir, mai sayar da taki a Aliero, da Zinatu, ɗalibar jami'a, sai jikoki bakwai. Har yau idan aka tambayi Zinatu game da mahaifinta, takan ce sau ɗaya tak ta ji kiɗansa, a Aliero, kuma da hannunsa ya kama bai yi kuskure ko ɗaya ba.