Kwalayen Mai Hoton Duwatsu Da Na Ƙi Karɓa

A ƙarshen shekarun tamanin ni saurayi ne da ya gama digirin farko a gida, ya samu gurbin ƙaro karatu a New York. Mutum ne ni mai tsoron kuskure. Kafin in tsallaka titi sai na duba sau uku, kuma da wuya in amsa tambaya ban fara da wataƙila ba. Ina zaune a wani ɗan ɗaki a tsibirin Staten Island, kullum da safe in hau jirgin ruwa a tashar St. George in tsallaka zuwa Manhattan in shiga aji, da rana kuma in yi aiki a wani shagon wankin hoto da ke bayan Canal Street. Aikin ya dace da halina, don ba ya son gaggawa. Edita, na daɗe ina shakkar ko wannan labari ya cancanci shafinku, tunda babu wanda ya cuci wani da gangan a cikinsa. Amma ya daɗe yana cin raina, kuma ina jin wani zai iya amfana.

A shekarata ta farko na ci karo da wani littafi a teburin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi. Babba ne, bangonsa ya fara sakin jiki, cikinsa kuwa hotuna ne marasa launi na masu hawan duwatsu. Garinmu duwatsu ne suka kewaye shi, amma mahaifiyata ba ta taɓa barina na hau ko ɗaya ba, ni ma ban taɓa matsawa ba, domin ko tsani ma tsoron hawansa nake yi. Duk da haka na kasa ajiye littafin. Abin da ya kama ni shi ne babu hoton kowa a ƙololuwa yana ɗaga hannu. Duk a tsakiyar hanya aka ɗauke su, inda sama ta yi nisa, ƙasa ta fi nisa. Akwai wata mace da ta manna kuncinta da dutse, idanunta a rufe, yatsunta uku cikin wata 'yar tsaga. Akwai wani mutum yana kallon ƙullin igiyarsa kamar bai yarda da hannun da ya ƙulla shi ba. Na daɗe kafin na lura cewa yawancin hotunan daga sama aka ɗauke su, wato mai hoton sai da ya riga su hawa, da kyamara a wuya. Daga baya na ji cewa masu wannan harka suna girmama littafin ƙwarai. Ni dai abin da na sani shi ne, duk lokacin da jarrabawa ta matso ko kewar gida ta dame ni, shi nake buɗewa. Ya nuna mini cewa mutum zai iya jin tsoro har ya bayyana a fuskarsa, kuma ya ci gaba da abin da yake yi.

Wata rana wani tsoho Bature mai dogon jiki da sanda ya shigo shagonmu da ambulan na tsohon fim, ya ce hannunsa ya fara rawa, ba ya iya wanke hoto da kansa kuma. Da na ɗaga fim ɗin a gaban fitila sai na ga matar nan mai rufaffun idanu. Na duba sunan da ke kan ambulan, na sake dubawa. Shi ne mai hotunan littafin. Amma ban nuna masa na gane shi ba, na ce masa kawai ya dawo ranar Alhamis. A yadda aka rene ni, yaro ba ya tsayawa gaban dattijo yana yabonsa ido da ido, sai a ce ko yana neman wani abu ne. Kusan shekara biyu yana zuwa, ni kaɗai yake yarda in taɓa kayansa. Ina kiransa Baba, yana dariya yana cewa bai taɓa haihuwa ba amma ga shi ya samu ɗa mai digiri. Yakan tsaya ya ba ni labarin yadda ya wuni rataye da igiya yana jiran rana ta juyo gefen dutse, ko yadda sanyi ya sa yatsansa ya ƙi danna kyamara. Ranar da ya hango littafin a jakata ya tambaye ni ra'ayina, abin da na iya cewa kawai shi ne ba laifi, yana da kyau.

Wata Alhamis da sanyi ya fara shigowa, ya zo karɓar aikinsa sai ya jingina da kantar shagon ya ce ya faɗi a matakalar bene, 'yar ƙanwarsa ta yanke shawarar mayar da shi gidan kula da tsofaffi kusa da ita a wata jiha. Ɗakin da za a ba shi ƙarami ne. Ya ce yana da kwali goma sha ɗaya cike da fim, duk aikin rayuwarsa, har da asalin hotunan littafin da waɗanda ba a taɓa bugawa ba. Ya rubuta wa wuraren adana tarihi biyu, ɗaya bai amsa ba, ɗaya ya ce ba shi da wurin ajiya. Sai ya dube ni ya tambaya ko zan karɓe su. Allah ya sani babu abin da nake so a lokacin kamar wannan. Amma bakina ya yi abin da ya saba. Na ce a'a Baba, wannan ya fi ƙarfina, ni wane ne, ɗakina ƙarami ne, kuma wataƙila akwai wanda ya fi ni cancanta. A gidanmu haka ake yi: babba ya miƙo maka abu mai daraja ka ƙi, ya sake miƙowa ka noƙe, sai ya ɓata fuska ya ce ko ka raina ne, sannan ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu. Na tsaya ina jiran ya sake miƙowa. Shi kuwa ya gyaɗa kai, ya ce ya fahimta, ya ɗauki ambulansa ya fita.

Kwana takwas na yi ina jira. Duk lokacin da ƙofar shago ta buɗe sai na ɗago kai. A ɗakina na auna ƙarƙashin gado da ma'aunin tela, na ga kwali tara za su shiga, biyu kuma in ɗora a kan kabad. Lambar wayarsa tana cikin littafin aikin shago, na buɗe shafin ya fi sau goma, amma sai in ce wa kaina idan na kira zai ga kwaɗayina, kuma ban tabbata ya halatta in yi amfani da lambar abokin ciniki don buƙatar kaina ba. Alhamis ta zagayo bai zo ba. Ranar Juma'a bayan masallaci na tsaya wurin wani abokina ɗan Nijar mai sayar da agogo da tabarau a Canal Street, na ba shi labarin. Ya ajiye agogon da yake gogewa ya kalle ni, ya ce ashe boko ba ya ƙara wayo. Ya ce a garin nan sau ɗaya ake tayi, shi kansa a watansa na farko maƙwabcinsa ya yi masa tayin abinci ya ce ya ƙoshi, sai ya zauna da yunwa yana kallon mutumin har ya sharce kwano. Ya ce in tashi yanzu, akwai wani ɗan zangon Kumasi mai motar ɗaukar kaya a nan kusa, zai kira mini shi. Na ce ina da aiki ƙarfe uku, ban kuma nemi izinin mai shago ba, wataƙila gobe da safe ya fi. Ya girgiza kai ya ce to malam mai wataƙila, Allah ya kai mu goben.

Asabar da safe muka isa gidan da motar, bayan na kwafo adireshin daga littafin shago. Mai kula da ginin ya ce an tafi da tsohon tun Laraba, kuma 'yar ƙanwar ta bar sallahun a kwashe duk abin da ya rage. Jiya da yamma ya sauko da kwalayen bakin titi, yau da asuba motar shara ta ɗauke. Na tambaye shi ko ya tabbata duka aka ɗauka, ya nuna mini wurin da hannu. Babu komai. Da na bi maganar abokina ranar Juma'a, da na same su. Na yi ta buga wa hukumar kwashe shara waya ina tambayar ko akwai hanyar bin sawun motar, aka gaya mini cikin ladabi cewa abin da ya shiga cikinta an riga an matse shi da sauran shara. A wancan zamani sharar birnin a manyan kwale-kwale ake ɗaukarta a kai juji a tsibirin da nake zaune. Watanni na yi ina hango su daga jirgin da nake hawa, tsuntsaye na bin su, ina tunanin a cikin wanne aka wuce da aikin mutumin nan.

Sai da wata uku suka shuɗe kafin na iya karɓar adireshinsa wurin mai kula da ginin na hau bas na je. Na same shi a kujera kusa da taga, ya rame. Ya gane ni, ya ce ga ɗansa mai digiri. Na gaya masa komai, har da auna ƙarƙashin gado.  Ya ce shi ya ɗauka nauyi ya nemi ɗora mini, har ya ji kunyar tambayar da ya yi, shi ya sa bai dawo shagon ya yi mini sallama ba. Da na bayyana masa al'adarmu, sai ya tambaye ni sau nawa ya kamata ya yi tayin. Na ce kamar sau uku. Ya yi 'yar dariya ya ce ƙarfin sau ɗaya kawai yake da shi a ranar, kuma sai da ya yi mako biyu yana tara shi. Sai na fito da littafin, na yi ta buɗe masa shafi bayan shafi ina gaya masa abin da kowane hoto ya yi mini. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni me ya hana ni faɗin wannan tun shekara biyu da suka wuce. Bai yi wani daɗewa ba bayan haka ya rasu.

Ba na cewa kawaici abu ne marar kyau. Da shi aka rene ni, da shi nake renon 'ya'yana. Amma ina jin yana aiki ne tsakanin mutane biyu da suka san shi, kuma ni na kai shi inda ba a san shi ba, na tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba. Kuskurena mafi girma shi ne ban saurari abin da ake ce mini ba, ina ta lissafin yadda za a gan ni. Na ɗauka kyauta tsohon nan yake ba ni, alhali taimako yake nema. Shawarata ga 'yan uwa, musamman masu zama a ƙasar wasu, ita ce idan aikin wani ya amfane ku, ku gaya masa tun yana iya ji. Idan kuma wani ya miƙo muku abu, ku tsaya ku duba fuskarsa kafin bakinku ya yi abin da ya saba. In amana ce yake neman wanda zai riƙe masa, ƙin karɓa ba ladabi ba ne, barinsa ne shi kaɗai da kayansa.