Amanar Tafinta a Shagon Tela

Tela ya jera yadudduka kan tebur, almakashi ya shiga rabin hannun riga, sai wayarsa ta yi ƙara. Matar Lissafi ce. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Tela, abokinka ya tafi." Tela ya ajiye almakashin a buɗe, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyon ɗinki, ya zauna kan buhun ƙyallaye yana kallon bango.

Lissafi ba sunan yanka ba ne. A ofishin ruwa aka laƙa masa shi, inda ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, bayan ɗakin ajiyar bututu. Aikinsa karɓar awon famfunan gari, ya gano inda ruwa ke zurarewa a ƙasa kafin unguwa ta wayi gari da ƙishi. Da yamma yakan biyo shagon Tela, ya ture ƙyallaye ya zauna, ya ce, "Sarkin almakashi, yau wa ka ɓata wa wando?"

A nan Tela ya fara jin labarin Tafinta. Wata tsohuwar manhaja ce a cikin kwamfutar Lissafi, mai jin wani yare na alamomi kamar sawun kaji. Lissafi ya yanka 'yan takardu, ya zana alamomin da biro, ya manna su kan madannan kwamfutar, ya bi da salatif. Ya ce yaren ya girme su duka biyun, da can sai manyan injuna na masu hali ke jin sa, har wasu bayin Allah da bai taɓa gani ba suka rubuta Tafinta suka sake shi kyauta. Sharaɗinsu ɗaya: in ka gyara ka ba wani, ka ba shi a buɗe yadda ka samu.

"To me ya fi sauran da shi?" in ji Tela.

"Kai in za ka ɗinka wa 'yan makaranta riguna, ɗai-ɗai kake yankawa?"

"Allah ya kiyaye. Jerawa nake, in sa almakashi sau ɗaya."

"To ka gama karatun. Sauran ɗai-ɗai suke bin lamba. Wannan jera su yake, ya yanke gaba ɗaya."

Tun ranar Tela yake ganin shi ma ɗan gari ne a harkar.

Lissafi yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe tun mutuwar mahaifinsu. Shi ya zaunar da shi gaban madannan nan, ya kama yatsansa yana nuna masa alama bayan alama. Ƙanen ya yi karatu mai zurfi, aka koma kiransa Injiniya, kuma ba wanda ya kai Lissafi washe baki in an faɗi sunan.

Wata shekara Injiniya ya zo ofishin ruwa da kwat da sabuwar manhaja mai launuka. Ya shaida wa manya cewa abin kyauta ba shi da uba, in ya lalace ba wanda za a kama, kuma duk garin tsoho ɗaya ne ke iya karanta sawun kajin. Manya suka gyaɗa kai. Aka kwashe kwamfutar Lissafi, aka mayar da shi ɗakin ajiyar bututu. Da ya zo shago bai yi ƙorafi ba, cewa ya yi, "Yaron ya fi ni, ai abin da ake roƙo ke nan."

Sai ga wani ma'aikaci ya same shi da tambaya. Sabuwar manhajar tana ta juya awon wani famfo na bayan kasuwa, ba a san dalili ba. Lissafi ya san dalili. Shekarun baya an ɗaura mitar famfon nan a kife, tana ƙirga baya-baya, shi kuwa ya koya wa Tafinta ya riƙa juya layinta. Daga baya aka gyara mitar, ya cire gyaran a ofis, amma ya manta da shi a kwafin da ya ba ƙanensa a gida. Ashe Tafinta ne aka sa wa sabuwar riga, aka kulle, aka goge sunayen masu kyautar.

Ranar bai tsokani Tela ba. Ya daɗe yana murza wani ƙyalle, sannan ya ce, "Da kujerata kawai ya ɗauka, wallahi da na yafe tun a hanya. Amma mutanen nan sun ba ni amana ba su san fuskata ba. Ta hannuna aka rufe abinsu."

Bai kai ƙara ba, bai tona ba. Jini ya fi ruwa kauri, in ji shi, ko a ofishin ruwa. Sai dai daga nan ya fara ramewa, wuyan rigunan da Tela ya ɗinka masa suka yi masa yawa. Injiniya kuwa ko leƙe.

Zuwan Lissafi na ƙarshe, da leda ya shigo, yana hutawa a bakin ƙofa kafin ya ƙarasa. Madannan nan ne masu salatif, da ɗan filashin kwamfuta ɗaure da zare.

"Tafinta ne, da duk gyaran da na yi, a buɗe. Duk wanda ya tambaya ka ba shi ya kwafa."

"Ni da ko kunna kwamfuta ban iya ba?"

"Shi ya sa. Ba za ka iya kulle shi ba."

Tela ya yi dariya, idonsa na cikowa. Ya sa ledar a aljihun keken ɗinki, inda yake ajiye allurai.

"In ƙanenka ne ya zo fa? Wallahi da almakashi zan bi shi."

Lissafi ya dafa kafaɗarsa ya miƙe da ƙyar.

"Ka ba shi, mutumina. Waɗanda suka ba ni ba su tambayi halina ba."

"Kai dai ba ka da zuciya."

"Ina da ita, ita ce ke ciwo. Sai na biyo gobe, ka rage min wuyan rigar nan."