Fiffiken da na rufe tuwo da shi

A shekarun da muke haya a unguwar Sultana, can ƙasar Larabawa, babban ɗana, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya yi wata huɗu yana jiran wani kwali daga waje. Wai ƙaramin jirgin sama na ado ne a ciki, samfurin wanda ake koya wa matuƙa tashi da shi. Da ya buɗe, ni dai ban ga jirgi ba. Farar roba na gani falle-falle, an danna ta da zafi ta yi tudu-tudu kamar tiren ƙwai. Sai ya yanke kowane tudu, ya goge bakinsa da samfefa, ya manna.

Ran nan na kwashe tuwo, na nemi faifai na rasa. Sai ga falle ɗaya a kan tabarma. Na ɗauka abin zubarwa ne, na rufe kwano da shi. Ashe fiffiken hagu ne, kuma babu wani. Kafin azahar ya lanƙwashe kamar bandar kifi.

Ɗana ya dawo ya riƙe kai. "Ya ummi, halas, shi ke nan! Kin ciyar da tuwo jirgina!"

Na ce, "Bar ihu, ɗan nan, kawo min ruwan zafi."

Na tsoma fiffiken, na shimfiɗa shi tsakanin tsummoki, na ɗora turmi a kai har la'asar. Ya miƙe kuwa, sai ɗan bakin da ya ƙi, ɗan nawa ya cike wajen ya goge.

Jirgin ya yi shekara da shekaru a kan firji. Duk baƙon da ya yaba, sai na ce masa, "Duba fiffiken hagun, da hannuna a ciki."