Orval Hruska da Sifirin Baya

Orval Hruska maƙwabcina ne tun muna samari, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai a kan ƙarfe kamarsa ba. Ya noma masara a nan Nebraska har gwiwoyinsa suka gaza. Ba ya shan giya, ba ya caca. Cutarsa ɗaya ce: tsohuwar a-kori-kurar mahaifinsa, ƙirar 1951, wadda ya shekara da shekaru yana tayar da ita a rumfar bayan gida.

Inji ya tashi, fenti ya hau, kore shar. Saura sifirin baya, wato ƙarafan nan da ke ɗauke nauyin lodi. Na ainihin sun tsage saboda lodin hatsin da marigayin ya riƙa jibga mata, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya daɗe da rufewa. Orval ya yi odar wasu, suka zo sun yi faɗi. Ya sake, suka zo tsawon bai kai ba. Mun zaga makabartun motoci har Kansas, tsofai-tsofai da mu muna rarrafe cikin tsatsa da tef a hannu, muka dawo a banza.

Ana haka suka sayar da gonar, za su koma gari kusa da 'yarsu. Matarsa Lorene ta kafa doka: motar da ba ta tafiya da ƙafarta ba za ta bi su ba, masu sayen tsohon ƙarfe za su kwashe ta. Orval ya rame. Na ji tausayinsa ƙwarai, na ji haushin Lorene, ban kuma ɓoye mata ba.

Dab da tashinsu na je taya su ɗaure kaya. Na tarar da shi zaune kan bokiti ya zuba wa motar ido. Lorene ta leƙo.

"Tsoho, zaman makokin ne har yanzu?"

"Ki ƙyale ni, Lorene."

"Wai faɗin nawa kake nema?"

Ya gwada mata da yatsu biyu. Ta daɗe tana kallon hannunsa, sannan ta ce, "Ku ɗauko shebur."

Ƙofar gida ta kai mu, wajen furanninta da ke cikin wani tsohon amalanke. Mu a nan idan a-kori-kura ta mutu ba a yar da ita, yanke ta ake yi, rabin baya ya zama amalanke. Wannan kuwa mahaifin Orval ne ya yanko shi daga wata mota irin tasa sak. Tun tana amarya Lorene ta cika shi da ƙasa ta yi shuka, ta kewaye gindinsa da katako. Shekara arba'in Orval na yanke ciyawa a gefensa, bai taɓa leƙa ƙarƙashi ba.

Na ɓalle katako ɗaya, ya kwanta ya auna sifirin amalanken. Ya sake aunawa.

"Ya yi?" na tambaye shi.

"Ya yi," ya amsa daga can ƙasa. Ni kaina sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Da ya fito ya dubi matarsa. "Kin daɗe da sani?"

"Tun bara nake zato. Na yi ta addu'a ka samu a wani wurin. Furannin babata ne, Orval. So na yi a ja amalanken har gari da su a ciki, sifirin kuwa ba ya ciruwa sai an kwashe ƙasar. In aka tone su cikin zafin nan, da wuya su rayu."

Orval ya yar da shebur, ya ce a bar shi. Ita ta sunkuya ta ɗauka.

"Kauce, malam. In na bar ka ka haƙa, ko ɗaya ba zai tsira ba."

Ranar tashi motar ta fita da ƙafarta, Lorene a gaba, saiwoyi cikin bokitai a baya. Rabinsu sun mutu. Sauran kuwa Orval ke ba su ruwa kowace safiya, kafin ya ko leƙa gareji.