Kaza Mai Tsallakar da Yara

Duk wanda ya saba bin babban titin nan da safe ya san Kaza, ko da bai taɓa yi mata magana ba. Yarinya ce 'yar aji shida, siririya, kullum fuska a ɗaure, tana tsaye bakin kwalta da doguwar igiya a hannu, ƙananan yara sun jeru a bayanta kowa ya damƙe ƙullinsa. 'Yan ajinsu ne suka laƙaba mata Kaza, wai kullum tana tafe 'yan tsaki na biye. Ta yi faɗa a kan sunan, ta yi kuka, ta kai ƙara, duk a banza. A ƙarshe har malamai da shi suke kiranta.

Gidajensu suna wannan hannun, makarantar firamare tana wancan, titi ya ratsa tsakani. Hannu biyu ne, da ɗan tudun siminti a tsakiya wanda da ƙyar mutum zai tsaya a kai. Babu gada, babu mai ba da hannu. Manyan motoci ne suka fi binsa, direbobinsu kuwa sai ka rantse ba a gaya musu motar tana da birki ba.

Tana aji uku abin ya faro, kuma da wasa. Maƙwabciyarsu ta turo 'yarta ta ce, "Tunda hanyarku ɗaya, riƙe mini hannunta." Da wata ta gani, ita ma ta turo nata. Kafin zangon ya ƙare yaran sun fi ƙarfin riƙo, sai Umma, wadda tela ce, ta tattara ragowar ƙyallaye a ƙarƙashin kekenta ta ɗinke su suka zama igiya, ta yi mata ƙulli-ƙulli. Da Kaza ta shiga aji shida aka sa ƙaninta Auta a aji ɗaya, aka ƙara masa nasa ƙullin can gaba, kusa da ita, don shi ba ya tsayuwa wuri ɗaya ko da an ɗaure shi.

Ta kuwa iya aikin. Tana gane nauyin mota daga ƙararta. Ba ta yarda da direban da ya yi mata alama da fitila, sai ta ga tayarsa ta tsaya. Dokokinta kowane yaro ya haddace su: ba surutu, ba waige, in takalmi ya cire a bar shi. Duk tsawon shekarun nan ko ƙwarzane ba a taɓa samu a jikin ɗan kowa ba. To, wannan iyawar ce ta cuce ta.

Kullum a makare take isa, don sai an jira mai neman takalmi da mai kukan ba zai je ba. Makarantar da ake kawo wa yaran lafiya lau, ita ce kuma ke tsare ta a bakin ƙofa ta ba ta tsintar leda saboda latti. Lokacin tara, sa'anninta na 'yar tsalle, ita tana share majina da raba faɗa. An ture wannan, "Yaya!" An ƙwace fensirin wancan, "Yaya!" Akwai ranar da tana tsakiyar lissafi a gaban allo wata ƙaramar ta leƙo ta taga ta sanar da dukan ajin cewa fitsari take ji.

Abin da ya sa makarantar ta zaunu mata shi ne ƙawarta Rediyo. Tun aji ɗaya benci ɗaya suke zama. Rediyo gajeriya ce, kumatu cike, kuma tun da aka haife ta ba a ga bakinta a rufe ba sai in tana shan ruwa. Ita ke ajiye wa Kaza wuri da jakarta. Kaza na zama za ta matso ta raɗa mata duk abin da ya wuce: abin da Malama ta koyar, wanda aka zane, wanda ya zo da riga a baibai, da 'yan ƙarin gishirinta. Kaza ba mai yawan magana ba ce, don haka suka dace, ɗaya na zuba ɗaya na tara. Sun gama shirya komai a tsakaninsu: sakandare ɗaya za su shiga, aji ɗaya, benci ɗaya, kuma duk wanda ya kira ta Kaza a can, Rediyo ta yi alkawarin za ta zage shi tas.

Aka yi jarrabawa, sakamako ya fito, dukansu sun ci. Kaza ta shigo gida da gudu, abin da ba ta saba ba. Umma na kan keke, fil a bakinta.

"Madalla, Allah ya yi albarka," in ji Umma. Sai ta tsayar da keken, ta zare fil ɗin. "Zauna mana. Na yi magana da hedimastanku. Za ki ƙara shekara ɗaya."

"Umma, ci fa na yi."

"Na ce faɗuwa kika yi? Motar sakandare tana tashi tun yaran nan ba su wanke ido ba. Wa zai tsallakar da Auta?"

"Ke ki kai shi mana."

"In bar wa wa keken? Safe in kai, rana in ɗauko, ɗinkin mutane kuma ya ɗinka kansa? Haba, 'yar nan. Shekara ɗaya ce, kamar gobe ne."

Manya sun iya cewa kamar gobe ne in shekarar ba tasu ba ce. Kaza ta jira babanta ya bugo waya, don shi direban babbar mota ne, sai a daɗe ba a gan shi gida ba. Ta karɓi wayar ta yi bayani dalla-dalla, tana haɗiye kuka. Ya saurara, ana jin ƙarar inji a bayansa, sannan ya ce, "To, me ummanki ta ce?" Shi ke nan shari'ar.

Washegari matan layi suka fara shigowa, kowace da yabonta. Yarinyar nan akwai hankali. Yarinyar nan 'yar albarka ce. Kaza na tsugune tana wanke-wanke, tana ji kamar ta kwaɗa musu kwano. Ta yi ta maza ta ce to me zai hana su riƙa karɓa-karɓa, yau wannan ta kai, gobe waccan? Nan take dalilai suka zubo. Wannan tana da goyo, waccan shago, ɗayar kuwa ta dafa ƙirji ta ce ita ko ita kaɗai titin nan tsoronsa take ji. Matar da ta haifi 'ya'ya biyar tana tsoron titi, ba ta ji kunyar miƙa shi ga 'yar shekara goma sha biyu ba.

Rediyo ta kawo dabara ta farko: a koya wa wani. Suka samo wani dogon yaro ɗan aji biyar, Kaza ta yi ta horar da shi. Ranar gwaji ya kai yaran tudun tsakiya lafiya, sai ya hangi wata mota ta lalace ana tura ta. Ya saki igiya ya tafi taya turi. Kaza ce ta je ta kwaso su, tana zaginsa tana huci.

"Ke ma laifinki ne," in ji Rediyo a hanyar komawa gida. "Kin fiye iyawa. Wa zai tashi alhali kina nan? Gobe ki sulale tun ba su taru ba. In suka ga ba ki, wallahi sai wata ta yafa mayafi ta fito. Daga nan sun gane ashe ƙafafunsu na aiki."

Kaza ta juya maganar ta ga ba ta da aibu. Da safe ta bar igiyar a rataye a ƙusarta, ta fice ta ƙofar baya, ta tsallaka ita kaɗai. Ita da Rediyo suka laɓe bayan tarin tayoyin mai faci suna leƙen wancan hannun, su ga wace uwa ce za ta fito.

Babu uwar da ta fito. Kowace ta turo nata ƙofar gidan su Kaza kamar kullum ta koma harkarta, Umma kuma ƙarar keke ta cika mata kunne. Sai ga layin yara ya ɓullo daga lungu, kowa riƙe da ƙullinsa, Auta a gaba. Ashe ya taka bokiti ya sauko da igiyar. Ya zo bakin kwalta ya tsaya, ya ɗaure fuska, ya ɗaga hannu sama yadda ya ga yayarsa na yi. Ya duba hagu kawai. Ya sa ƙafa ɗaya a kan titi.

Kaza ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta ratsa hannun farko da gudu, ta dira tudun tsakiya, ta ratsa na biyu tankar mai na danna mata hon, abin da da wani yaro ne ya yi da ta ci mutuncinsa. Ta fizgo Auta baya, ta zabga masa mari, sannan ta rungume shi. Yaran duk suka fashe da kuka. Ta jera su, ta tsallakar da su.

Mai faci ya ga komai, shi kuwa ba ya ganin abu ya bar shi yadda yake. Kafin azahar labari ya zaga cewa Kaza ta zaro ƙaninta daga ƙarƙashin tanka. Ba wanda ya tambayi me ya kai ta wancan hannun ita kaɗai. Da takaici ya ishe ta, ita da kanta ta gaya wa Umma cewa guduwa ta yi da gangan, ko za a yi fushi a ce ba ta da amana a ƙwace igiyar. Umma ta dube ta, ido ya kawo ruwa, ta ce, "To kin gani ko? Safiya ɗaya kawai ba kya nan." Ta ci gaba da taka kekenta.

Ranar bikin kammalawa aka fito da bencuna ƙarƙashin bishiya, iyaye suka cika wuri. 'Yan aji shida suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗin abin da ba za su manta ba. Wannan ya ce ranar da suka ci ƙwallo, waccan ta ce ranar da iska ta yaye kwanon aji aka tashe su da wuri. Kaza ta lalubi nata. Shekara shida, amma abin da ke zuwa mata shi ne warin hayaƙin mota, da ledar da ta tsinta, da muryar Rediyo a kunnenta. Yawancin abin daɗin da aka yi a makarantar nan a bakin Rediyo ta ji shi. Ta fara tunanin wa zai ajiye mata wuri a baɗi, cikin yaran da ta girme wa, ana maimaita mata karatun da ta riga ta ci.

Sai hedimasta ya kira ta. Ya yi dogon jawabi a kan jarunta da sadaukarwa, ya ce makaranta ta yi sa'a wannan ɗaliba ta amince ta ƙara shekara. Ta amince! Sannan ya buɗe wata leda ya miƙa mata kyautarta: usur, da rigar nan mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya. Aka sa mata a gaban jama'a, ta sauko mata har gwiwa. Iyaye suka miƙe suna tafi, mai tsoron titin nan ta fi kowa ƙarfin tafi.

Da ta koma benci Rediyo ta dubi rigar ta tuntsire da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka.

"Ni ma zan maimaita," in ji ta. "Zan gaya wa Baba."

"Kar ki yi mini ƙarya. An riga an auna ki yunifom, a ɗakinmu aka auna ki."

"To ni na ce a bar ki?"

"Ke kika ce in gudu."

Hutun ya wuce suna gaisawa sama-sama, kowace na jiran ɗayar ta fara.

Ranar komawa makaranta motar sakandare ta yi latti. Kaza ta fito daga lungu da layinta, an ƙara wa igiyar sababbin ƙulli, sai ta hangi Rediyo can gefe a wurin jiran mota, cikin farar riga mai karin guga da Umma ta ɗinka. Rediyo ta ɗago hannu, ta fara tahowa. Amma titi ya buɗe a daidai lokacin, kuma titin nan in ya buɗe ba a ce masa jira. Kaza ta ja yaran suka hau tudun tsakiya.

Suna nan tsaye motar ta iso ta bayanta. Ta ji tsayawarta, ta ji hayaniyar masu shiga, ta ji an buga ƙofa. Sai muryar Rediyo ta taso ta taga, tana kiran sunanta na gaskiya, tana faɗin wata doguwar magana da sauri-sauri. Wata tirela ta zo wucewa ta haɗiye maganar. Hannun Kaza ɗaya na kan igiya, ɗayan ya damƙe wuyan hannun Auta, idonta na kan motocin da ke tahowa. Wuyanta har ciwo yake don son ta juya.

"Yaya, ana kiranki," in ji Auta.

"Na ji," ta ce. "Dubi gabanka."