Kwana Arba'in na Ƙwauri

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina ɗan shekara bakwai, na faɗo daga kan jakin albasa a Kashin Zama, ƙwaurina na hagu ya karye. Mai ɗori a Aliero ya ɗaure shi da karare, ya ce kada in taka sai bayan kwana arba'in, in ba haka ba ƙashin zai kama a karkace.

Kakata Inna Ige ce ta yi jinyata. In an sauke tuwo, sai ta jawo tabarmata kusa da murhu, ta tura kara a wuta. Da ta ga na fara leƙen ƙofa, sai ta ce, "Maigidana, mi kaka nema waje? Zamna, ga wata tatsuniya ta taho muku."

Wai Kai ne ya cika baki, shi ke ɗaukar gammo da tulu. Wuya ya ce shi ke riƙe Kai. Gadon baya ya yi dariya, ya ce dukansu a kansa suke, shi ma Ƙugu yake miƙa wa. Ƙugu ya raba nauyin biyu ya ba cinyoyi, su kuma suka sauke wa gwiwa, har ya isa Ƙwauri da Diddige. Ƙwauri bai taɓa gardama ba. Ran da ciwo ya kama shi ya roƙi hutu, Kai ya ce ina, yau kasuwar Jega. A tsakiyar hanya Ƙwauri ya lanƙwashe, kowa ya zube, tulu ya fashe.

"Wanda ad daga ƙasa ba ya da baki," in ji ta, "amma shi ka ɗauke da kowa."

Na ji, ban ɗauka ba. Ranar kwana ashirin na jiyo ana langa a dandali, na ce ai da ƙafa ɗaya ake yi, na sulale na shiga. Turi ɗaya aka yi mini, na dira a kan mai ciwon.

Inna Ige ba ta yi faɗa ba. Goya ni ta yi, da tsufanta, ta mai da ni wurin mai ɗori, tana tsayawa tana dafa ƙugu. Na yi shekaru ina ɗauka ƙasusuwa kawai take koya mini. Sai da na girma na gane a gidanmu ita ce a ƙasa, ba mu kuma taɓa ba ta hutun kwana ɗaya ba. Har yau ina ɗingishi, amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne nishin da na ji tana ɓoyewa a hanyar nan.